Mun kulle ƙanena ya daina hiroyin, ya fito ya koma: taurin kai ne?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ƙanena ɗan shekara 24 yana shan hiroyin, ƙona ta yake yi ya zuƙi hayaƙin, ba ya allura. Mun kulle shi a ɗaki mako uku har ya warware, da ya fito ya koma. Yanzu mahaifinmu na son a kai shi gidan mari. Taurin kai ne, ko akwai abin da ba mu gane ba? (Wata 'yar uwa daga Kano)

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah Ya ba shi lafiya, ku kuma Ya ƙara muku juriya.

Ba taurin kai ba ne. A bakin mutane hiroyin da koken duk hodar iblis ce, amma aikinsu ya sha bamban: koken tayar da jiki take yi, hiroyin kuwa kwantar da shi take yi, har da numfashi. Daga mofin, wani maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi, ake haɗa ta, danginta su ne kodin da tiramol ɗin da muka sani. A 1898 kamfanin Bayer na Jamus ya fara sayar da ita a matsayin maganin tari, ana ganin ba ta kama mutum kamar mofin. Ashe ta fi shi saurin isa ƙwaƙwalwa.

Jikin ɗan Adam na da sinadaransa masu rage zafi da sanya natsuwa. Hiroyin kan hau mazauninsu da ƙarfin da ya fi nasu nesa ba kusa ba. Idan abin ya yi ta maimaituwa sai ƙwaƙwalwa ta saba, abin da ya isa jiya ba zai isa yau ba. Ana nan sai mutum ya wayi gari ba don daɗi yake sha ba, don dai ya iya tsayawa da ƙafafunsa ne. Awa 6 zuwa 12 bayan shan ƙarshe sai hamma, majina, hawaye da gumi su fara. Kwana biyu zuwa uku abin ya kai maƙura: amai, gudawa, ciwon ƙashi da gaɓoɓi, rashin barci. Cikin mako guda ko kwana goma wannan ya lafa, kuma shi kuka gani kuka ɗauka ya warke. Jiki ne kawai ya huce. Ƙishirwar hodar da ƙuncin rai kan kai watanni, ganin tsohon aboki ko wucewa ta wani lungu ya isa ya tayar da su.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne mako ukun nan. Wanda ya daina na 'yan makonni, sabawar da jikinsa ya yi da hodar ta ragu. In ya koma ya sha gwargwadon da ya saba a da, numfashinsa na iya tsayawa. Shi ya sa mutuwa ta fi yawa a makonnin farko bayan fitowa daga gidan yari ko wurin da aka tsare mutum. Saboda haka ban goyi bayan gidan mari ba, kuma ina roƙon ki isar wa Baba da wannan cikin ladabi. Mari na raba mutum da hodar, ba ya taɓa cutar, sannan ya sako shi a lokacin da ya fi rauni. Mun kuma ga halin da aka sami ɗaruruwan mutane da 'yan sanda suka kuɓutar daga irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna a 2019.

Rashin allura ya rage masa haɗarin cutar ƙanjamau da ciwon hanta, amma hayaƙin ma na kisa, kuma da yawa daga nan suke komawa allura idan kuɗi suka gaza.

Ku kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, kamar Asibitin Malam Aminu Kano, ko na Dawanau, ko na Barnawa a Kaduna. Ku tambayi maganin metadon ko bufrenofin. Wasu na cewa musanya ƙwaya da ƙwaya ne, ni kuwa ban yarda ba: suna kashe ƙishirwar ba tare da buguwa ba idan likita ya daidaita su, suna kuma rage mutuwa ƙwarai. Addu'a da nasiha su tafi tare da magani.

Kafin nan, kowa a gida ya san alamun haɗari: an tashe shi bai tashi ba, numfashi a hankali ko minshari mai gurnani, baƙin idonsa ya ƙanƙance kamar kan allura, leɓɓansa sun yi toka-toka. Haɗarin ya fi girma in ya haɗa da giya ko ƙwayar sa barci irin rochi. Kada a ɗura masa madara ko manja, kada a bar shi wai barci yake. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti, a faɗi gaskiyar abin da ya sha don a yi masa allurar nalokzon, mai karya ƙarfin hiroyin a jiki. Ko ya farfaɗo kada a yi saurin dawowa gida, domin ƙarfin allurar kan ƙare cikin minti 30 zuwa 90, numfashin na iya sake ɗaukewa.