Amsar Kawu a Kan Faifan da Ka Tsinta

Ɗana, saƙonka ya iso ni tun ranar Talata, na jinkirta ne don tambayarka ba ta amsar tsaye ba ce. Ka ce kana taya mahaifiyarka gyaran ɗakin Inna, Allah Ya jiƙanta, sai ka ci karo da baƙin faifai a ƙasan akwatin ƙarfe, da sunana a bayan kwalinsa. Shi ne kake tambaya: in har mu ma mun saurari kiɗan zamani, me ya sa na haɗe rai ranar suna da ka kunna waƙa a wayarka cikin zaure? Al'ada ce ta hana kiɗan baƙi, ko mu ne muka manta da ƙuruciyarmu?

Ban manta ba. Da na karanta sunan faifan a saƙonka sai da na ajiye wayar na yi shiru. Try and Love ke nan, na ƙungiyar Ofege, wanda kamfanin EMI ya buga a Legas a 1973. Abin da ya ɗauke mana hankali shi ne masu kiɗan ɗalibai ne na Kwalejin St. Gregory da ke Obalende, yara sa'o'inmu masu zuwa aji da safe kamar mu. Kiɗan rok ne irin na Ingila da Amurka, amma hannun da ke bugun gangar na ƙasar nan ne, kana ji ka san haka.

Bai iso hannunmu ba sai 1975, ina ɗan shekara 16. A farkon shekarar aka biya ma'aikata kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi musu, garin nan ya cika da sababbin kekuna da rediyoyi. Lokacin Sakkwato ce hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma. Ɗan baffanmu, akawu a wata ma'aikata, ya sayo garmaho mai aiki da batir, mu kuma mu biyar muka yi karo-karo muka ba wani ɗan kasuwa sautun faifan. Jirgin ƙasa ba ya zuwa Sakkwato, sai a sauke kaya a Gusau a ɗoro wa mota, don haka mun fi wata guda muna leƙa shagonsa.

Renonsa muka yi kamar jariri. Zafin bazarar garin nan yana lanƙwasa faifai in aka bar shi kusa da taga, saboda haka a tsaye muke jingine shi bayan randa, inda ƙasa ke da sanyi. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, sai an goge shi da tsumma mai laushi, a hure bakin allura, kafin a ɗora. Har yanzu ina jin ƙaras-ƙaras ɗin nan da allura ke yi kafin jita ta shigo da kukanta mai kaushi, sannan muryar Melvin Ukachi, siririya, ta yaro. In batir ya fara sanyi sai muryar ta yi nauyi tana jan ƙafa, mu kwashe batiran mu shanya a rana don su ƙara mana ko da fuska ɗaya. Ba duk Turancin muke kamawa ba, amma mun san zancen so ake yi, kuma a shekarun nan wannan ya ishe mu.

Yanzu ga abin da ka tambaya. A ɗakin samari da ke ƙofar gida muke sauraro, ba a zaure ba, ba a tsakar gida ba. Da ladan ya ɗaga murya ake ɗage allura, ko da ana tsakiyar waƙar da aka fi so. Tsakanin magariba da lisha ba a taɓa garmaho. In an yi rasuwa a unguwa, sai an yi sadakar bakwai. Da azumi kuwa yana cikin kwalinsa har a ga watan sallah. Babu wanda ya zaunar da mu ya karanta mana waɗannan, mun taso mun tarar ana yi.

Wata rana da hantsi mun shagala, sai inuwa ta rufe ƙofa. Kakanka ne, da buta a hannu. Na zabura na fizge allurar, ta karce faifan. Duba fuskar farko da kyau a haske, za ka ga zanen. Bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana kallon faifan yana juyawa, sannan ya ce, "Wanga kiɗi na wa na?"

Ka fahimci tambayar, don amsarka tana cikinta. A wurin mutanen da, babu kiɗan da ba shi da mai shi. Tambari na sarki ne. Taushin Salihu Jankiɗi na fadar Sarkin Musulmi Abubakar na uku ne, kotson Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa. Kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, gangar noma ta masu gayya, Ɗan Anace kuma yana da Shago da sauran 'yan dambe. Kowane kiɗa da mutanensa, da filinsa, da lokacinsa. Shi kansa kakanka in Rediyon Kaduna ta sako Narambaɗa yakan ƙara murya, amma ban taɓa ganin ya yi haka almajirai na karatu ba, ko surukinsa na zaune.

Ɗan baffanmu ya durƙusa ya ce, "Baba, na 'yan makaranta ne, don samari suka yi shi." Sai ya kaɗa kai ya ce, "To, kiɗin samari na. Shi tsaya inda samari." Ya wuce abinsa. Bai tambayi ko na Legas ne ko na Ingila ba. Ya ba shi matsayi ɗaya da kalangun dandali, ya kuma nuna masa iyakarsa.

Hukuncin kiɗa a addini magana ce ta malamai, ka kai ta gare su. Ni ta kunya da kara nake yi maka. Ranar sunan nan akwai liman a zauren, akwai surukan gidan, akwai dattijon da ya binne ɗansa bai yi wata biyu ba. Ko Ɗanƙwairo ka sako a wurin da na haɗe rai. Kuma ina tausaya muku, don garmahonmu yana da nauyi, sai an ɗauka an kai shi ɗaki, shi da kansa yana tuna mana inda muke. Naku yana cikin aljihu, yana bin ku har masallaci.

Cikin mu biyar saura mu biyu, ɗayan yana Gwadabawa, idonsa ya yi rauni. Ka ce wa mahaifiyarka ta naɗe faifan da zane mai tsabta, ta jingine shi a tsaye, kada a ɗora masa komai. Bayan sallah ka zo da shi, ina cigiyar mai garmaho mai rai. In an samu, za mu ɗauki mota mu je Gwadabawa da hantsi, ka zauna tare da mu a ɗakin ƙofar gida. Ka gaishe ta, ka gaida ƙannenka.

Kawunka.