Re: Zan zo Abuja da karena daga Jos, ina zan kai shi ya sha iska?

Malam, tambayarka ita ce inda kare zai ɗan zagaya a Abuja ba tare da rigima ba. To gaskiya wuraren da mutane suka fi zuwa irin su Millennium Park na Maitama da bakin tafkin Jabi na kowa da kowa ne, don haka ka tambayi masu gadi a get tukuna kafin ka sauko da shi. Ni na fi son Jabi da sassafe, babu cunkoso kuma ƙasa ba ta yi zafi ba.

Kuskuren 'yan Jos kenan, kun saba da sanyi, zafin Abuja daban ne wallahi, kwalta da rana tana ƙona masa ƙafa, kuma kar ka kulle shi a mota ko na minti 10 ne. A hanyar Akwanga zuwa Keffi ka tsaya ka ba shi ruwa.

Igiya a wuya kullum, mutane da yawa ba sa son kare ya lashe musu kaya saboda sallah, yara kuma tsoro. Ka riƙe leda ta kwashe kashi.

Kafin ka taso ka ga likitan dabbobi, ga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom nan kusa da kai, allurar ciwon haukan kare da maganin kaska, kuma ka taho da katin rigakafin.