An sako shi ba a kai shi kotu ba: zai sake?

Tambaya: Assalamu alaikum. Yaron wajena mai shekara 15 ya ɗauke wayar wani a shago a nan Aboabo, Kumasi. An mayar da wayar, 'yan sanda suka ja masa kunne a gabanmu, suka ce kawunsa ya riƙa sa masa ido. Maƙwabta sun dame ni, wai tunda bai ɗanɗana ɗauri ba sai ya ƙara. Da an tsare shi ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya shirya mana zuri'a.

A'a, bai fi ba. Kuma abin da 'yan sandan suka yi ba alfarma ba ce. Dokar Shari'ar Yara ta Ghana ta 2003, mai lamba 653, ta ba su damar gargaɗin wanda bai kai shekara 18 ba a kan ƙaramin laifi maimakon gurfanar da shi. Akwai gargaɗin baki da ba a rubutawa, akwai kuma wanda ake shigarwa rajista a gaban iyaye, wani lokaci da sharaɗin ba da haƙuri ko mayar da kaya. Ki tambaya ki ji wanne aka yi masa.

Maganar maƙwabta kuwa an gwada ta. A 2010 Anthony Petrosino da abokan aikinsa sun tattara gwaje-gwaje 29 da suka shafi yara 7,304, akasari a Amurka, suka kwatanta waɗanda aka bi da su ta kotu da waɗanda aka kauce musu ita. Kotun ba ta rage komawa laifi ba, sai ma alamar ta ƙara shi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yaron da aka tsare karatunsa ya tsaya, abokan kwanansa waɗanda suka fi shi gogewa ne, in ya fito kuma sunan ɓarawo ya riga shi isowa unguwa.

Sai dai kada ki saki jiki. Inda nake ganin ana faɗuwa shi ne sa idon ya zama na fatar baki. Kawun da ke fita kasuwar Kejetia tun asuba, ba ya dawowa sai bayan isha, idon me zai sa? Daga tashi makaranta zuwa dare, yaron yana ina, da su wa? In bes ɗin, wato majalisar samari, da yake zama shan ataya nan ne aka zuga shi, kuma yau ma can ya koma, to babu abin da ya sauya. A cike masa waɗannan awoyin: makarantar Islamiyya, ƙwallo, ko ranar Asabar a hannun wani maigida a Suame Magazine, unguwar makanikai, wanda zai kira ki in bai zo ba.

Ki kuma nemi sanin abin da ya sa ya ɗauka, a natse, ba a gaban jama'a ba. Wanda ya yi don burge abokai daban, wanda bashin caca ta waya ya ci ko ya fara taɓa taramol daban. Na biyun sai an magance cacar ko ƙwayar, in ba haka ba zai nemi kuɗin ta wata hanyar.

Kishiyar sakacin ma illa ce. Yaro ne mai laifin farko, kada a mai da shi fursunan gida, kowa ya rasa sidi biyar a ce shi ne. Yawancin masu irin wannan a shekarunsa suna bari da kansu in sun girma. Ya makara da dare sau ɗaya ba komawa laifi ba ne.

In kin ga kuɗi ko kayan da ba ki san asalinsu ba, ko ya fara kwana a waje, kada ki jira 'yan sanda. Ki je ofishin walwalar jama'a na Asokore Mampong ki nemi jami'in da ke kula da yara. Dokar Yara ta 1998 ta tanadi kwamitin sulhu da zai iya ɗora yaro a hannun wani mutumin kirki na unguwa har zuwa wata shida. Ba ko'ina kwamitin ke zama ba, don haka ki tambayi jami'in ko naku yana aiki.