Tambaya da Amsa: SSD zai hana jirgina cijewa a Flight Simulator?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗalibi ne a Birnin Kebbi, burina in shiga Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, shi ya sa nake gwada hannuna da wasan kwaikwayon tuƙin jirgi na Microsoft Flight Simulator na 2020 a wata laftof da na saya ta hannu. Furosesarta Core i5-8300H ce, RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) gigabait 8, katin hoto GTX 1050 Ti, faifan ajiya kuma HDD ne, irin mai juyin nan, mai terabait 1. Kafin wasan ya buɗe sai in yi alwala in yi sallah in dawo bai gama lodi ba. In na tashi daga filin jirgin Ambursa komai lafiya, amma da na doshi Kano zan sauka sai hoton ya dinga cijewa har in kauce wa titin jirgi. Wani mai gyara ya ce yana da SSD, wato faifan zamani marar juyi, mai terabait 2 da araha, wai zai ninka min gudun wasan, kuma zai karɓi tsohon faifan ya rage min kuɗi. Mahaifiyata ce ta ba ni kuɗin daga adashenta, ba ni da fuskar komawa in sake roƙo. Don Allah in saya ko in dakata?

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka dakata. Kada ka ba shi ko sisi, kada kuma ka bar masa tsohon faifanka.

SSD zai yi maka amfani, wannan ba a musu. Dogon jiran da kake yi kafin wasa ya buɗe zai ragu sosai, Windows ma za ta dinga tashi kafin ka gyara zama. Faifan da ke cikin irin laftof ɗinka yana juyi 5,400 a minti ɗaya, abin da yake iya karantawa bai cika wuce megabait 100 da ɗoriya a sakan ba. SSD iri biyu ne: na SATA yana kai wa megabait 550, na NVMe irin wanda ramin kwamfutarka zai iya ɗauka yana kai wa wajen 3,500. Abin da ya fi wannan muhimmanci a wasan jirgi shi ne lokacin nemo fayil. HDD sai allurarsa ta matsa, faifai ya juyo, a kashe milisakan 10 zuwa 15 kafin a fara karanta ƙaramin fayil guda. SSD bai kai milisakan ɗaya ba. Wasan nan kuwa dubban ƙananan fayiloli yake tsinta, na gine-gine da itatuwa da fatar ƙasa. In kana samun hoto 30 a sakan, kowane hoto milisakan 33 ke gare shi, ka ga in wasan ya tsaya jiran fayil uku a kan HDD hoto guda ya tafi. Don haka wani ɓangare na cijewar da kake gani a sararin Kano zai iya sauƙi.

Amma maganar ninka gudu ƙarya ce, kuma ita ce ƙaryar da ta fi ci min rai a sana'ar nan, don ba ranar da ba a shigo min shago da ita.

Yawan hotunan da kake gani a sakan aikin furosesa ne da katin hoto. Furosesa ke lissafin iska da nauyin jirgi da agogunan gaban matuƙi da sauran jiragen da ke sama, katin hoto ya zana gajimare da inuwa da gari. Faifai aikinsa miƙo kaya kawai. Kai ɗan Kebbi ne, ka san injin gyaran shinkafa. In da amalanke ake kawo masa shanshera, zai dinga tsayawa yana jiran buhu. A koma kawowa da mota, tsayuwar ta ƙare, amma buhunan da yake iya casawa a awa ɗaya suna nan yadda suke, don ƙarfin injin bai ƙaru ba. In yanzu kana samun hoto 22 a tsakiyar tafiya, bayan ka sa SSD mafi tsada a duniya 22 ɗin za ka samu, ko 23.

To me ya sa mutane suke yarda? Saboda dabarar da ake yi musu a gaban idonsu. Mai gyara zai cire tsohon faifai mai ɗauke da Windows ta shekara huɗu da tarkacen manhajoji, ya sa SSD da sabuwar Windows fes, ya juyo maka da fuskar kwamfutar ya ce "duba agogonka." Ya danna, kafin ka ƙirga ashirin ta tashi. Kai kuma da ka saba da jiran minti uku sai baki ya buɗe, ka zaro kuɗi. Ba zai taɓa buɗe maka wasan a shagon ba, zai ce babu data ko lokaci ya ƙure. Sai ka isa gida, ka kwana kana saukar da wasan, ka doshi filin jirgin Malam Aminu Kano, ka tarar hoton yana jan ƙafa kamar da. In ka koma ya ce ai sai ka ƙaro SSD mai gudun megabait 7,000 a sakan. Alhali ramin da ake soka SSD a laftof irin taka na PCIe 3.0 ne, ko ka sa mai 7,000 ba zai wuce rabin haka ba, kuma bambancin SATA da NVMe wajen lodin wasa 'yan sakanni ne. Wasu da gangan suke yi, wasu kuwa su kansu ba su sani ba, sun ji a bakin ubangidansu ne suna maimaitawa. Duk biyun kuɗin mutane suke ci. Na ga yaron da ya sayar da wayarsa saboda wannan magana, na ga magidancin da ya canja SSD har sau biyu alhali kwamfutarsa ba ta da katin hoto ma kwata-kwata, ɗan Intel ɗin da ke jikin furosesa take lallaɓawa da shi. Wanda bai tambaye ka RAM nawa gare ka ba, bai duba zafin furosesa ba, bai buɗe wasan ya gani ba, ya ce maka ga magani, wannan ɗan kasuwa ne da sukundireba a hannu.

Sai kuma shi kansa SSD ɗin mai terabait 2 da araha. Araha ba ta ado, ƙanena. Akwai na jabu da yawa a kasuwa waɗanda aka sauya wa bayanin ciki, Windows ta nuna maka terabait 2 alhali ainihin ma'ajiyar ba ta kai kashi ɗaya cikin goma ba. Da farko komai zai tafi daidai. Ranar da ka wuce ainihin cikinsa sai ya fara rubuta sabo a kan tsoho ko ya zubar da shi, sunayen fayiloli suna nan amma in ka buɗe babu komai. Wasan da Microsoft ta ce a tanadar masa gigabait 150 shi kaɗai ya isa ya tona asirin irin wannan, bayan ka ƙone datar da ka sauke shi da ita. Idan mutumin yana da gaskiya, ya yarda a gwada da H2testw, wata ƙaramar manhaja ta kyauta da ke cika faifai da bayanai har bakinsa sannan ta sake karantawa. Tana ɗaukar awanni. In ya ce ba shi da lokaci, ka samu amsarka. Na hannu kuma a buɗe CrystalDiskInfo a ga awannin da ya yi yana aiki da yawan abin da aka rubuta a kansa.

Tsohon faifan kuwa, hotunan gidanku da takardun makarantarka da lambobin sirrinka suna ciki, kuma fomatin na gaggawa ba ya goge su, mai manhajar dawo da fayil zai iya zaƙulo su. Ɗan ragin da zai yi maka bai kai wannan ba. Ka bar shi a cikin kwamfutar ya zama ma'ajiyarka ta biyu, don SSD in zai mutu ba ya ƙara ko ƙwanƙwasa irin na HDD, yakan ɗauke ne rana ɗaya, ceto abin da ke cikinsa kuma yana da wuya ƙwarai.

Yanzu ga inda nake zargin ciwon yake. Gigabait 8 na RAM shi ne mafi ƙarancin abin da Microsoft ta rubuta wa wasan da ya fito a Agustan 2020. Abin da ta ba da shawara 16 ne, na ƙwarai 32. Windows da kanta tana cinye 3 zuwa 4 kafin ka buɗe komai. A saman Ambursa da Argungu fadama ce da gonaki, abin da za a ɗora a RAM kaɗan ne. Da ka doshi Kano gidaje sun yi yawa, RAM ta cika, sai Windows ta fara juye ragowar a kan faifai tana ɗebowa. A kan HDD wannan azaba ce. A kan SSD da sauƙi, amma ko shi bai kama ƙafar RAM ba, wadda sanda ɗaya ta DDR4 ke kai wa wajen gigabait 20 a sakan. Ka gwada da kanka: kana cikin saukar, danna Ctrl da Shift da Esc, ka duba Task Manager, allon da ke nuna yawan aikin da kowane sashe ke yi. In RAM ta haura kashi 90 cikin ɗari faifai kuma ya tsaya a 100, ka kama ɓarawon. Sannan a cikin saitin wasan ka kunna Developer Mode ka buɗe ma'aunin FPS, wato yawan hotuna a sakan. Zai rubuta maka "Limited by MainThread" in furosesa ce ta gaza, ko "Limited by GPU" in katin hoto ne. A na farko ka rage Terrain Level of Detail da yawan jirage da motoci, a na biyu ka rage gajimare da Render Scaling. Wannan kyauta ne.

Kada ka manta da garin da kake. Daga Maris zuwa Mayu zafin Birnin Kebbi yana haura digiri 40, kafin nan kuma hunturu ya riga ya cusa wa fanka ƙura. Na sha buɗe irin laftof ɗin nan in tarar ƙurar ta dunƙule a bakin ƙarfen sanyaya kamar auduga, iska ba ta da hanyar fita, man sanyaya da ke kan furosesa ya bushe ya farfashe. Furosesarka in ta kusa digiri 100 rage gudunta take yi da kanta don kada ta ƙone. Alamarsa ita ce wasan ya fara lafiya, bayan minti 15 ko 20 ya soma nauyi, wato tun kafin ka fara shirin sauka. Sa HWMonitor, manhajar auna zafi, ka duba. Kuma a batir irin waɗannan kwamfutoci rage ƙarfi suke yi, in an ɗauke wuta kada ka yi tsammanin gudun da ka saba.

Intanet ma tana da hannu, tunda wasan yana janyo hoton ƙasa daga Bing Maps kana cikin tafiya. Megabit 5 a sakan ne mafi ƙaranci, 20 ake so. In sabis yana rawa ka kashe Photogrammetry, wato zana birane daga ainihin hotunan da aka ɗauka daga sama, biranen da aka yi wa shi mafi yawansu a Amurka da Turai suke. Kada ka yi sha'awar Flight Simulator na 2024 tukuna, shi RAM 16 ne ƙaramin abin da yake nema kuma ya fi dogaro da intanet.

Da kuɗin Hajiya, ka fara da wanke fanka da sa sabon man sanyaya furosesa a wurin wanda zai yi a gabanka. Ka ƙara sanda ɗaya ta DDR4 mai gigabait 8 irin ta ciki, su zama 16. Abin da ya rage ka sayi SSD mai gigabait 500 na kamfanin da aka sani, Samsung ko Kingston ko Western Digital, a shagon da zai ba ka rasit da garanti, bayan an buɗe an tabbatar wane irin SSD ramin, wanda ake kira M.2, yake karɓa. Mai 256 zai matse ka da zarar Windows da wasan sun zauna. In kuɗin ba zai kai duka ba, RAM ce gaba, SSD ya jira wata mai zuwa. Ka ɗauki hoton Task Manager da na ma'aunin FPS kana daf da sauka Kano ka turo min, tare da zafin da HWMonitor ya nuna, in faɗa maka saitin da za ka taɓa. Ka gaida Hajiya.