Filin Likita: Maganin Ciwon Hanta Nau'in C da Faɗuwar Suga

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina ya shekara takwas da ciwon suga, yana shan metformin da glibenclamide. Da aka gano yana da ciwon hanta nau'in C sai aka ɗora shi kan sofosbuvir da daclatasvir. Yau sati biyar, amma in yana gona da hantsi sai jikinsa ya hau rawa, gumi na keto masa, har jiri ya ɗebe shi. Ko maganin hantar ne bai karɓe shi ba, mu daina? Daga wani mai karatu a Gwaram, Jigawa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Kada ku daina. Abin da ka lissafa ya fi kama da faɗuwar suga.

Ƙwayar cutar hantar nan tana sa jiki ya ƙi jin insulin, wato sinadarin da ke sauke suga a jini, shi ya sa suga ke yi wa mai ita taurin kai. Da maganin ya fara murƙushe ta, cikin makonnin farko, sai insulin ya koma aiki sosai. Ka ga glibenclamide ɗin da aka auna wa Baba tun cutar na nan ya yi masa yawa yanzu, ga kuma aikin fartanya, wataƙila da kofin koko kaɗai a ciki. Tun 2018 hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta yi gargaɗi kan haka, musamman a wata uku na farko. Glibenclamide da allurar insulin ne suka fi jawo shi. Metformin ita kaɗai ba kasafai ba.

Ku auna sugansa da na'urar gida safe kafin karyawa, da duk lokacin da abin ya taso, ku rubuta. Ƙasa da 70 mg/dL faɗuwa ce. A dama sukari cokalin shayi huɗu a ruwa ya sha, bayan minti 15 a sake aunawa, in ya hau ya ci abinci. Ya riƙa tafiya gona da sukari a aljihu. In ya suma, kada a ɗura masa komai, sai asibiti, domin faɗuwar da glibenclamide ke jawowa takan dawo bayan sa'o'i.

Cikin satin nan ku kai wa likitansa takardar awon, shi zai rage maganin sugar. Maganin hanta kuwa kullum ne, yawanci sati 12; tsallake kwanaki na iya ba cutar damar dawowa. Ku faɗa masa in Baba na shan maganin tarin fuka ko na farfaɗiya irin carbamazepine, suna karya ƙarfin maganin hantar. Jiƙe-jiƙen "wanke hanta" na kasuwa a ajiye su.

Sati 12 bayan gamawa za a yi gwajin jini a tabbatar cutar ta fita. Ko ta fita, ciwon suga na nan, sauƙin sarrafawa kawai yakan yi, don haka awo bai ƙare ba.