Amsa: Wace ƙaramar kyamara ta dace da tafiyar jirgin ruwa?

Ɗan'uwa, ka ce za ku yi mako guda a jirgin yawon buɗe ido a Bahar Rum, kana neman kyamarar da za ta shiga aljihu. Fara duba ƙarfin jawo abu na nesa. Daga saman jirgi komai nesa yake. Fararen gidajen da ke kan dutse a tsibirin Santorini na ƙasar Girka, in da waya ka ɗauka, sai su fito kamar ƙwayar shinkafa.

Panasonic Lumix TZ99 tana jawowa ninki 30, Canon SX740 HS ninki 40, amma da magariba ta yi hotonsu yakan yi dusu-dusu, domin na'urar kama haskensu ƙarama ce. In da hali, ni Sony RX100 VII zan ɗauka. Jawowarta ba ta kai tasu ba, amma a ɗakin cin abinci da dare ta fi su nesa ba kusa ba. Akwai tsada kam. In za ku yi ninƙaya, OM System TG-7 tana jure nutso har mita 15.

Abin da ya taɓa ƙona mini rai shi ne na fito da asuba daga ɗaki mai sanyi, gilashin kyamarar ya yi hazo, har rana ta fito ban ɗauki komai ba. Yanzu a leda nake ɗaure ta, in bar ta a waje minti goma kafin in buɗe. Riƙe ƙyalle mai laushi na goge feshin gishiri, ka sa igiyarta a wuyan hannu, ka kuma sayi batir na biyu tun daga gida.