Caji nawa ne a kalmar charge? Amsar tambayoyinku kan sayayya

Tambaya: Salam Malam, zan kama ɗakin taro na walimar ƙanwata sun ce min dubu 200, da suka turo takarda sai na ga an ƙara service charge 10% da VAT, a ƙasa kuma an rubuta parking free of charge. Ni dai caji biyu na sani, cajin waya da caji ofis, to shi wannan haraji ne dole sai na biya? Daga wani ɗan'uwa a Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sanya alheri ya ba su zaman lafiya. Ai caji biyun nan da ka sani da wanda ka gani a takarda duk uwa ɗaya uba ɗaya suke. Kalmar charge ta shigo Turanci ne daga tsohon Faransanci, shi kuma ya samo ta daga Latin inda carricare ke nufin loda wa amalanke kaya, tushensu ɗaya da car da cargo da carry. To ka riƙe kalmar ɗorawa a ranka kawai. Batir an ɗura masa wuta, shi ne cajin waya. Mutum an ɗora masa laifi a gaban hukuma shi ne charge na 'yan sanda da kotu, daga nan muka samu caji ofis. Wanda aka ɗora wa nauyin wuri shi ake ce wa in charge. Kai kuma yanzu kuɗi aka ɗora maka, abin da muke cewa an caje ni kenan.

Abin da nake so ka bambance, VAT haraji ne na gwamnati, kashi 7.5 ne a Najeriya tun Fabrairun 2020, shi kam ba a cinikinsa. Amma service charge kuɗin hidima ne da masu wurin suka yanka da kansu, aljihunsu yake shiga, kuma duk abin da mutum ya yanka da kansa ana iya zama a yi ciniki a kai. Mu yi lissafi: dubu 200 da kashi 10 ya zama dubu 220, in sun ɗora VAT a kan kuɗin farko dubu 15 ne, in kuma a kan dubu 220 ɗin ne to 16,500 ne, kaga walimar da ka yi wa kasafin dubu 200 ta kai dubu 235 ko ma fiye tun ba a sayi ko katan ɗaya na ruwa ba. Wallahi wannan abu yana damuna sosai, sau da yawa sai ranar biki mutum ga baƙi sun cika ga kunya sannan a miƙo masa ragowar lissafi, ba yadda zai yi sai ya biya.

Don haka kar ka ba da kafin alƙalami tukuna. Ka je da ƙafarka ka ce a haɗa ka da wanda yake in charge, ba yaron da ke bakin kanta ba, ka tambaye shi wace hidima ce a cikin kashi 10 ɗin, jera kujeru ne, shara bayan taro ne, man janareta na ciki in aka ɗauke wuta ko shi ma daban ne, duk abin da ya faɗa a rubuta, sannan a rubuta jimillar kuɗin gaba ɗaya da no extra charge a ƙasa wato babu wani ƙari. Shi kuwa free of charge kyauta yake nufi, amma ka lura ajiye mota kaɗai ya shafa. In ka ga charges apply a ko'ina to akwai kuɗi ke nan, ka tambayi nawa ne kafin ka yarda.

Tambaya: Malam na sayi caja an rubuta fast charge 65W a jiki, ta fi tsohuwar cajata tsada sosai amma wayata ba ta ƙara saurin cika ba. Cuta ta aka yi ko in sake sayen wadda ta fi ta? Daga wata baiwar Allah a Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa kar ki ƙara kashe ko sisi tukuna. Kinga W ɗin nan wat ne, ma'aunin ƙarfin wutar da caja za ta iya bayarwa, amma waya ce ke yanke nawa za ta karɓa, kamar ki zo da babban bokiti ki ɗura ruwa a buta, bakin butar ne zai ce ga yadda ruwan zai shiga. In wayarki 10W ko 18W aka ƙera ta ta karɓa ko caja mai 120W kika jona mata iya nata za ta ja. Ki duba kwalin wayar ko ki rubuta sunanta da lambarta a Google ki ga wat nawa take ɗauka, shi ne abin da za ki saya.

Sannan igiyar cajin ma tana da nata, siririyar igiya mai araha takan rage ƙarfin wuta ko da kan cajar mai kyau ne, ga kuma cewa kamfanoni ba tsarin saurin caji ɗaya suke bi ba, Samsung da iPhone na yanzu suna aiki da wanda ake kira PD ta bakin USB-C, wasu kamfanonin kuma nasu na gida ne wanda sai da cajarsu yake kai cikakken gudu. Akwai jabu a kasuwa kam, rubutu a jikin roba ba wuya gare shi ba, shi ya sa nake ba ki shawara ki koma shagon da wayarki a hannu batir ya yi ƙasa, a jona a gabanki da igiya mai kyau ki kalli fuskar wayar, yawancin wayoyi suna nuna fast charging ko wata alama ta daban in abin ya kama. In wayarki na ɗaukar saurin caji amma bai nuna ba, ki ce a canza miki ko a ba ki kuɗinki, in kuma dama can 10W ce to cajar ba ta da laifi, ki ajiye ta za ta yi miki amfani ranar da kika canza waya.